Matacin Rubutu na Kwamfuta da Ƙa'idojin Rubutun Hausa: Yadda Ake Kunna Shi da Iyakar Abin da Yake Iyawa

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan wani ɓangare na manhajar buga rubutu a kwamfuta, watau ɓangaren da yake bin kalmomi ɗaya bayan ɗaya yana jan jan layi a ƙarƙashin wadda bai yarda da ita ba. A nan za a kira shi matacin rubutu, domin aikinsa tacewa ne: abin da ya dace da idon mataci ya wuce, wanda bai dace ba ya tsaya.

Abin da ya sa batun ya shafe mu shi ne, a yau kundin binciken da ɗalibin sashen Hausa yake rubutawa a kwalejin ilimi, da takardun jarrabawar da malamin firamare yake shiryawa, kusan duk a kwamfuta ake buga su, sau da yawa ma a shagon buga takardu, inda mutum ɗaya yake buga wa jama'a da yawa. A ƙaramar hukuma irin Ungogo, wadda wani sashenta ya haɗe da birnin Kano wani sashen kuma ƙauyuka ne da gonaki, takardar da aka buga a shago a Rijiyar Zaki ko Bachirawa ita ce za ta isa hannun yaro a Karo ko Gayawa. In an buga ta da kuskure, yaron zai ɗauka haka kalmar take, tunda a bugu ya gan ta.

Takardar za ta nuna abubuwa uku: yadda matacin yake aiki, da yadda ake kunna shi don rubutun Hausa, da kuma irin kurakuran da ba zai iya gani ba ko da an kunna shi daidai.

2.0 YADDA MATACIN RUBUTU YAKE AIKI

Matacin rubutu ba sabon abu ba ne. A shekarar 1971 Ralph Gorin ya rubuta wata manhaja mai suna SPELL a Jami'ar Stanford ta Amurka, wadda take duba kalmomin Ingilishi ta kuma kawo shawarar gyara. Kafin wannan, a 1964, Fred Damerau ya nuna cewa kimanin kashi 80 cikin ɗari na kurakuran bugu iri huɗu ne kawai: a ƙara harafi ɗaya, ko a tsallake ɗaya, ko a sa wani a madadin wani, ko a juya biyu da suke maƙwabtaka. A kan wannan fahimta aka gina hanyar kawo shawara. Jan layin nan mai lanƙwasa kuwa, wanda yake fitowa tun mutum yana cikin bugu, ya shigo manhajar Microsoft Word ne a fitowarta ta 1995.

Tsarin aikin mai sauƙi ne. Matacin yana riƙe da jerin kalmomi na harshe ɗaya. Duk abin da ya gani tsakanin fili da fili yakan ɗauke shi kalma, ya neme shi a jerin. In ya same shi ya wuce, in bai same shi ba ya ja layi, sannan ya kawo kalmomin da suka fi kusa da shi a siffa. Alal misali, in an buga makarnata, zai ga cewa juya harafi biyu zai ba da makaranta. To, a lura, tambayar da yake amsawa ita ce, "Akwai wannan kalma a jerina?" Ba ya amsa tambayar, "Wannan ce kalmar da marubuci yake nufi?" Duk abin da za a faɗa nan gaba daga wannan bambanci ya taso.

3.0 KUNNA MATACI DON RUBUTUN HAUSA

3.1 Kunnawa

A Microsoft Word, ana shiga File, sannan Options, sannan Proofing, a sa alama a gaban "Check spelling as you type". A ƙasan shafin akwai wani zaɓi, "Hide spelling errors in this document only", wanda masu bugu sukan kunna don su huta da jan layi. Wajibi ne a cire alamar da take gabansa. In ana so a bi takarda daga farko har ƙarshe sai a danna F7. A LibreOffice Writer, wadda kyauta ake samunta, F7 ɗin ne dai yake buɗe dubawa, haɗa Shift da F7 kuma yana kunna jan layi ko ya kashe shi.

3.2 Gaya wa manhaja harshen da ake rubutu da shi

Yawancin kwamfutocin da suke hannunmu da jerin kalmomin Ingilishi suke zuwa. In aka buga Hausa a kansu sai shafi ya yi ja wur, in ban da 'yan kalmomin da siffarsu ta zo ɗaya da ta wasu kalmomin Ingilishi, kamar dare, mace, sake, take, rage, game, same da share. Wannan jan ba ya nuna kuskure ko ɗaya, matacin wani harshe ne aka ɗora wa Hausa.

Gyaran shi ne a zaɓi rubutun duka da Ctrl da A, a shiga Review, sannan Language, sannan Set Proofing Language, a zaɓi Hausa. A wannan akwati kuma a cire alama daga "Detect language automatically", don kada manhajar ta riƙa mayar da wasu sakin layi zuwa wani harshe da kanta.

A nan akwai tarko. Ganin sunan Hausa a jerin harsuna ba ya nufin akwai jerin kalmomin Hausa a cikin kwamfutar. Kamfanin Microsoft ya fitar da kayan duba rubutun Hausa a ƙarƙashin lambar ha-Latn-NG, amma daban ake sauke su daga intanet a ɗora. Harshen da aka ɗora wa nasa kayan yakan zo da 'yar alama a gefen sunansa. In aka zaɓi Hausa alhali ba a ɗora kayan ba, jan layi zai ɓace gaba ɗaya, mai bugu ya ɗauka rubutunsa ya tsarkaka, alhali kuwa ba a duba kome ba. Gwajin da ya kamata kowa ya yi shi ne ya buga wata kalma da gangan a karkace, kamar makarnata. In ba a ja mata layi ba, to matacin ba ya aiki.

3.3 Baƙaƙe masu ƙugiya

Tun shekarun 1930 aka karɓi ɓ da ɗ da ƙ a rubutun boko. Da kwamfuta ta shigo ba ta zo da su ba, sai masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero suka ƙirƙiro samfuran haruffa na musamman a shekarun 1990, abin da ya taimaka ƙwarai wajen buga littattafan Hausa. Dabarar da aka saba bi a irin waɗannan samfura ita ce a ari mazaunin wani harafi ko wata alama da Hausa ba ta amfani da ita, kamar q da x da v, ko alamomin baka, a zana harafi mai ƙugiya a wurin. Ido yana ganin ƙasa da ɗaya da ɓera, amma abin da yake ajiye a cikin kwamfuta shi ne qasa da xaya da vera. Mataci kuwa abin da yake ajiye yake karantawa, ba abin da ido yake gani ba.

Saboda haka sharaɗi ne a buga waɗannan baƙaƙe da tsarin Unicode, inda kowannensu yake da lambarsa ta kansa: ɓ tana da 0253, ɗ tana da 0257, ƙ tana da 0199, sannan ƴ da ake amfani da ita a Jamhuriyar Nijar tana da 01B4. A Word, in an buga lambar aka haɗa Alt da X sai harafin ya fito. Abin da ya fi sauƙi shi ne a ɗora allon madannai na Hausa wanda yake cikin Windows.

3.4 Alhamza da gyaran kai-tsaye

Akwai wani ɓangare mai suna AutoCorrect wanda ba ya jiran izini, da kansa yake sauya abin da aka buga. In yana kan Ingilishi, yakan mayar da i ta amsawa ta koma babban harafi a tsakiyar jimla. Yakan kuma ɗauki alamar da take farkon 'ya'ya da 'yan'uwa a matsayin buɗe zance, ya juya ta baibai. Bayan haka, alamar alhamza da muke sawa a jama'a da ma'ana tana da siffofi fiye da ɗaya a kwamfuta, miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiya, kowace da lambarta, mataci kuwa yana iya karɓar ɗaya ya ƙi ɗaya. Abin da ya dace shi ne a shiga AutoCorrect Options a kashe sauya alamomin zance, a kuma tsaya a kan siffa ɗaya daga farkon takarda zuwa ƙarshenta.

4.0 ABIN DA MATACI YAKE KAMAWA

In an cika waɗannan sharuɗɗa, mataci yana da amfani sosai. Yana kama tuntuɓen yatsa irin wanda Damerau ya bayyana. Yana kama haɗin da bai haifar da wata kalma ba, kamar sunyi da zaiyi da nagode, maimakon sun yi da zai yi da na gode. Yana kama tsohon rubutu irin chiki da tanbaya, maimakon ciki da tambaya. Yana kuma kama kalmar da aka cire wa ƙugiya in abin da ya rage ba kalma ba ce, kamar dalibi maimakon ɗalibi, muddin dai wanda ya haɗa jerin bai shigar da gurɓatacciyar siffar ba.

5.0 ABIN DA BA YA GANI

5.1 Ƙugiya

Matsalar ita ce a Hausa sau da yawa in aka cire ƙugiya wata kalma ce ta daban take fitowa:

(1) baƙi / baki
(2) ƙafa / kafa
(3) faɗa / fada
(4) ɓari / bari
(5) ƙoƙo / koko
(6) ƙara / kara

A dubi wannan jimla: "Manomi ya kai ƙara fada." In aka buga "Manomi ya kai kara fada", kowace kalma tana cikin jeri, ba za a ga jan layi ba, amma mai neman hakkinsa ya koma mai dakon karan dawa. Daɗin daɗawa, tunda rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, siffa ɗaya takan ɗauki kalmomi da dama, kamar yadda gari yake nufin mazaunin mutane da kuma abin da ake tuƙa tuwo da shi. Wannan yana ƙara yawan lokutan da kuskure zai faɗa kan kalmar da take akwai.

5.2 Rabawa da haɗawa

Duk wanda ya taɓa duba rubutun ɗalibai ya san cewa a nan mafi yawan kurakurai suke. Tarurrukan da aka yi don daidaita rubutun Hausa, tun daga aikin Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, zuwa taron Bamako na 1966, da na Kano na 1972, da na Yamai na 1980, sun bar mana ƙa'idoji a kan inda ake raba kalma da inda ake haɗa ta. To amma Hausa tana da ƙananan kalmomi masu gaɓa ɗaya da yawa: ya, ta, na, ka, su, mu, ba, da, ma, sa. Saboda haka in aka raba abin da ya kamata a haɗa, kowane ɓari yakan zama kalma mai zaman kanta. Wanda ya rubuta "ya na zuwa" maimakon "yana zuwa" ya karya ƙa'ida, amma ya kalma ce, na ma kalma ce, sai mataci ya bar su su wuce.

Haka nan in aka haɗa abin da ya kamata a raba:

(7) ya yi / yayi
(8) ba shi / bashi
(9) na sa / nasa
(10) ta fi / tafi
(11) a kan / akan

"Na ba shi kuɗi" kyauta ce ko biya, amma bashi abin da ake bin mutum ne. Sunan jaridar nan da aka fara bugawa a 1939, Gaskiya Ta Fi Kwabo, in aka haɗe masa ta da fi ya zama umarni ga gaskiya ta kama hanya. Misali na (11) ya fi kowanne yawan faruwa: akan na lokaci sabau ne, kamar "akan yi shuka da damina", a kan kuwa wuri ko batu yake nunawa, kamar "a kan tebur". Dukansu daidai ne a mazauninsu, nahawun jimla ne kaɗai yake raba su, mataci kuwa kalma ɗaya ɗaya yake kallo.

5.3 Yawan siffofin kalma

Akwai kuma akasin wannan, watau ya ja layi a kan abin da yake daidai. Kalmar gida kaɗai, in aka liƙa mata mahaɗi da gajeriyar mallaka, tana ba da gidan, gidana, gidanka, gidanki, gidansa, gidanta, gidanmu, gidanku, gidansu. Da ita kanta siffofi goma ke nan, jam'inta gidaje ma goma. Aikatau kuma yana sauyawa bisa gire-giren nan bakwai da F. W. Parsons ya tsara a 1960, kamar saya, sayi, saye, sayo, sayar, sayu. Jerin da bai tattara waɗannan ba zai riƙa ƙin kalmomi na ƙwarai.

Manhajar Hunspell, wadda LibreOffice da Firefox suke amfani da ita, ta magance wannan da fayil biyu: ɗaya na tushen kalmomi, ɗaya na dokokin ɗafi. Amma kafin dokar ta yi aiki a Hausa sai an nuna jinsin kowane suna, don a sami gidan da gonar, kada a sami gidar da gonan. Jam'i kuwa, saboda yawan hanyoyinsa, sai an rubuta na kowace kalma. Wannan aikin masu nahawu ne kafin ya zama na masu kwamfuta.

5.4 Karin harshe da sunaye

Daidaitacciyar Hausa ta fi jingina da karin Kano. Ɗalibin da yake nazarin waƙoƙin Narambaɗa ko Ɗanƙwairo wajibi ne ya rubuta su yadda makaɗin ya furta, da karinsa na yamma. In ya bi shawarar mataci ya mayar da su Kananci, ya ɓata hujjar bincikensa da hannunsa. Abin yi shi ne a zaɓi baitocin, a shiga Set Proofing Language, a sa alama a "Do not check spelling or grammar" don wannan yanki kaɗai.

Sunayen wurare ma ba safai suke cikin jeri ba. Rangaza da Kadawa da Yadakunya da Tudun Fulani duk mazaɓu ne a Ungogo, kuma ana iya ja wa wasunsu layi. Wani sunan ma siffa biyu gare shi a rubuce, kamar Fanisau da Panisau. Mataci ba zai zaɓar wa marubuci ba. Shi ne zai tsaya a kan ɗaya ya riƙe ta har ƙarshen aikinsa.

6.0 ƘAMUSUN MAI BUGU DA HAƊARINSA

In aka danna kalmar da aka ja wa layi da maɓallin dama na linzami, akan ga zaɓi uku: a karɓi shawara, ko a ƙyale kalmar, ko a shigar da ita ƙamus da "Add to Dictionary". Na ukun nan shi ne mafi amfani, shi ne kuma mafi haɗari. Kalmar da aka shigar tana tafiya wani fayil na musamman, daga ranar kuma ba za a sake ja mata layi ba a kowace takarda da aka buɗe da wannan ƙamus. A shagon da mutum ɗaya yake buga wa ɗalibai da malamai da yawa, in ya gaji da jan layi ya shigar da sunyi ko dalibi, to ya halatta kuskuren ga duk wanda zai kawo aiki bayan nan. Ana iya duba wannan fayil ta Proofing, sannan Custom Dictionaries, sannan Edit Word List, a goge abin da bai dace ba.

Wannan fayil ɗin kuma dama ce. Rubutu ne tsura, kalma ɗaya a kowane layi, ana iya kwafe shi daga wata kwamfuta zuwa wata, in dai an ajiye shi da tsarin Unicode don kada ƙugiya ta lalace. Ke nan sashen Hausa yana iya shirya nasa tataccen jeri ya raba.

7.0 SHAWARWARI

(a) Sassan Hausa na kwalejojin ilimi su sa kunna mataci da buga baƙaƙe masu ƙugiya cikin darasin ƙa'idojin rubutu, kafin ɗalibi ya fara kundinsa ko ya fita koyarwar gwaji.

(b) Kowane sashe ya shirya jerin kalmomin fannu da sunayen garuruwa da unguwannin yankinsa, a tantance shi da ingantaccen ƙamus irin Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, a raba wa ɗalibai da shagunan da suke yi musu bugu.

(c) Bayan mataci ya gama, a yi amfani da Find a nemo wuraren da aka san ana tuntuɓe: ya na, ta na, su na, ya kan, yayi, bashi, bata, akan. A duba kowanne da ido, kada a sauya su duka a lokaci ɗaya, domin "ta kan hanya" daidai ne, "takan zo" ma daidai ne.

(d) Tsofaffin kundaye da aka buga da q da x da v a mayar da su Unicode kafin a ɗora su a intanet, domin rubutun da yake intanet yana cikin abin da ake tsamo jerin kalmomi daga gare shi. In gurɓatacce muka zuba, gurɓataccen mataci za a ƙera mana.

(e) Masana nahawu da masana kwamfuta na jami'o'inmu su haɗa hannu a kan jerin da ya nuna jinsi da jam'i da giren aikatau, su kuma yi la'akari da bambancin 'y ta Nijeriya da ƴ ta Nijar.

8.0 KAMMALAWA

An ga cewa kafin mataci ya yi wa mai rubutun Hausa amfani sai an kunna shi, an gaya masa harshen, an tabbatar akwai jerin kalmomin, an kuma buga ƙugiya da alhamza yadda zai gane su. An kuma ga cewa ko an yi duk wannan, manyan kurakuranmu biyu, watau sakin ƙugiya da rikita rabawa da haɗawa, su ne waɗanda ya fi kasa gani, saboda yadda ƙirar kalmomin Hausa take. Don haka shafin da babu jan layi a kansa bai zama shafin da babu kuskure ba. Malamin da zai sa hannu a kundin ɗalibi, ko ya raba wa yara takardar jarrabawa, wajibi ne ya karanta ta da kansa, layi bayan layi, da ƙa'idojin rubutu a ransa. Ina fata mahalarta wannan taro za su tattauna shawara ta (b) da ta (e) musamman, domin su ne waɗanda za mu iya fara aiki a kansu tun daga wannan zangon karatu.